Allurar feftayid ko gashi da ƙosai: ina mai jinyar kafaɗa zai zuba kuɗinsa?

Kwana goma sha ɗaya da yi mini aiki a kafaɗar dama, ɗan yayata ya zo gaishe ni a gida a Malali. Ya tarar da ni a kishingiɗe kan kujerar falo, an tokare ni da matasai uku, don tun da aka sallamo ni daga asibiti bayana bai taɓa katifa ba. Da na miƙe sai kafaɗar ta ɗauki zogi kamar ana soka mini tsinke. Hannun na rataye a wuya, ga wani ɗan matashi da aka cusa tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari. Muka gaisa, ya yi mini ya jiki, ya sha ruwa, sannan ya zaro waya.

"Kawu, da za ka ji tawa, kafin wata guda ka yar da wannan abin da ke wuyanka. Akwai allurar da 'yan jim ɗinmu ke yi, BPC-157. Wasu har haɗawa suke yi da TB-500. Turawa yanzu duk ita suke yi, jijiya take ɗinkewa."

Ya nuna mini hoto: 'yan kwalabe biyu da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, da farin gari a ƙasansu. Mai sayarwa a WhatsApp yake, daga waje ake kawo masa, in an biya yau cikin kwana uku kaya sun iso Kaduna.

Ban yi masa dariya ba. Mutumin da ke cin tuwo da cokali a hannun hagu, wanda sai maman yara ta ɗaura masa tazuge, wanda ko buta ba ya iya ɗagawa da hannun da ya saba, duk wanda ya zo masa da zancen rage kwanakin jinya zai saurare shi. Na ce ya bar ni in yi tunani. Tunanin ya ci mini mako biyu, ina karatu da hannu ɗaya, ina damun likitan da ya yi mini aikin da mai yi mini gashin ƙashi da tambayoyi.

Me ake jira ya warke?

In ka taɓa tsayawa gaban mahauci yana gyaran nama, ka ga farin abin nan mai tauri da tsoka ke ƙarewa da shi kafin ta kama ƙashi, wanda wuƙa ke zamewa a kansa. Ita ce jijiyar da ake magana. A kafaɗa tsokoki huɗu ne suka rungumi kan ƙashin dantse, kowacce da tata jijiyar, su ke riƙe shi a gurbinsa suna juya shi. Ta sama, wadda ke fara ɗaga hannu gefe, ita ta fi yagewa. Tawa ma ita ce ta yage, ranar da babur ya zame da ni a kan yashi wajen Kawo na dafa ƙasa da hannu.

Abin da likita ke yi shi ne ya kafa wasu 'yan ƙusoshi masu zare a cikin ƙashin, ya jawo jijiyar da ta janye ya ɗaure ta a mazauninta. Nawa likitan ya faɗa mini wata magana da ban manta ba: "Malam, ni ɗinki na yi, ban yi walda ba. Zaren nan riƙe ta kawai yake yi. Jikinka ne zai manna ta da ƙashi, shi kuwa ba ya sauri." Inda jijiya ke haɗuwa da ƙashi jini bai cika wadata ba, shi ya sa mannewar kan ɗauki wajen mako 12 kafin a yarda ta ɗauki nauyi, ta kuma ci gaba da ƙarfafa har tsawon watanni. Daga nan tsarin jinyar ya samo asali: mako 4 zuwa 6 hannu a rataye, wani ne ke motsa maka shi, daga nan ka fara ɗagawa da kanka, wajen mako na 12 a fara ba shi ƙarfi, cikakkiyar dawowa wata 6 zuwa shekara. Kuma ba kowane ɗinki ke kamawa ba. Girman yagewar, yawan shekaru, ciwon suga da shan taba duk suna ƙara yiwuwar ya sake ɓallewa.

Ke nan duk maganin da aka kawo maka, abin tambaya guda ne: an ga ya sa jijiya ta fi kama ƙashi a jikin ɗan Adam?

Suna ɗaya, kaya iri-iri

Jikinmu yana ƙera furotin ne daga wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, a jere kamar 'ya'yan carbi. In jerin ya yi tsawo kamar carbi mai dubu, furotin ke nan. In gajere ne, shi ake kira feftayid. Insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu 'ya'ya 51 gare shi. Oksitosin, allurar da ake yi wa mata don naƙuda ta kankama, 9 gare ta. Don haka in mai sayarwa ya ce maka "ai insulin ma feftayid ne", bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka komai ba, don a cikin dafin maciji ma akwai su. Sunan bai wuce bayanin siffa ba.

Waɗanda ake tallata wa mai jinyar kafaɗa sun kasu biyu da ba su da wata alaƙa sai ta suna: na allura, irin su BPC-157 da TB-500 da masu zuga jiki ya fitar da homon ɗin girma, wato sinadarin da ke sa jiki girma, da kuma garin kolajin da ake damawa a sha. A ɗaya gefen kuma akwai tsohuwar hanya: gashi, abinci, daidaita suga, da haƙuri.

Na allura

BPC-157 'ya'ya 15 gare shi, an kwaikwayo shi ne daga wani yanki na furotin da aka ce an samu a ruwan cikin ɗan Adam. Tun farkon shekarun 1990 wani ayarin masu bincike a Jami'ar Zagreb ta ƙasar Kuroshiya, ƙarƙashin Farfesa Predrag Sikirić, ke aiki a kansa, kuma kaso mai yawa na abin da aka rubuta game da shi daga wurinsu ya fito. Sakamakon nasu yana da ban sha'awa, ba zan ɓoye ba. Sun yanke agarar ɓeraye, sun ɓanɓare ta daga ƙashi, suka ga waɗanda aka yi wa allurar sun fi saurin haɗewa. Bayanin da ake bayarwa shi ne yana zuga fitowar sabbin ƙananan hanyoyin jini a wurin rauni, yana kuma jawo ƙwayoyin da ke saƙa jijiya.

Sai dai ɓera ɓera ne. Matashin ɓera mai ƙoshin lafiya da aka yanke wa jijiya da wuƙa yau, dabam yake da magidanci ɗan shekara hamsin mai ciwon suga wanda jijiyarsa ta daɗe tana zaizayewa kafin ta yage. A 2025 wasu likitocin ƙashi a Amurka suka tace abin da aka wallafa kan BPC-157 a fannin ƙashi da jijiya, suka tsaya a kan bincike 36. Guda 35 a kan dabbobi ne ko a ɗakin gwaji. Guda ɗaya tak ne a kan mutane, shi ma wani ɗan rahoto ne na 2021 daga wani asibiti mai zaman kansa a jihar Fulorida: mutanen ba su kai ashirin ba, ciwon gwiwa ne ba kafaɗa ba, babu rukunin da aka yi wa allurar ruwa don a kwatanta, kuma waya aka buga musu aka tambaye su yadda suke ji. Fiye da shekara talatin da fara magana a kansa, iyakar abin da aka tara a wannan fanni ke nan. Babu hukumar kula da magunguna ta wata ƙasa da ta amince da shi a matsayin magani. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi tun daga watan Janairun 2022. A 2023 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa shi cikin jerin sinadaran da ta ce suna iya zama haɗari, bisa dalilin gurɓacewa wajen haɗi, da yiwuwar garkuwar jiki ta yi masa bore, da ƙarancin bayani kan illarsa.

TB-500 kuwa kwaikwayon wani yanki ne na taimosin beta-4, wanda jikinmu ke yi da kansa, mai 'ya'ya 43. A duniyar dawakin sukuwa ya fara suna, inda aka riƙa kama masu yi wa dawaki shi a asirce. Mu da muka tashi muna leƙen wasan folo a dandalin Murtala mun san darajar doki, amma ban ga dalilin da zai sa in gwada maganinsa a kafaɗata ba. Shi ma WADA ta haramta shi. A watan Janairun 2016 kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34 na ƙungiyar Essendon ta ƙasar Ostireliya a kan taimosin beta-4.

Masu zuga homon ɗin girma, irin su CJC-1295 da ifamorelin, nasu zancen gajere ne. A Koriya ta Kudu an gwada shi kansa homon ɗin a kan mutanen da aka yi wa ɗinkin kafaɗa, sakamakon da aka wallafa a 2018 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. In uwar ba ta yi ba, me ake jira daga 'yar aike? Ga shi kuma homon ɗin girma yana ɗaga suga, abin da ni nake gudu.

"Amma Kawu, na ga wanda ya yi ya warke"

Da ɗan yayata ya dawo, hujjarsa ke nan, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani, domin ita ce hujjar da ta fi kama zuciya. Gani ya kori ji.

Matsalar ita ce duk wanda aka yi wa aikin kafaɗa, da allura ko babu, zogin mako na biyu ya fi na mako na shida. Ni da ban yi ba, a mako na biyar na fara barci a gado. Da a ce na fara allurar a mako na uku, da na rantse ita ce. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure kai. A 2004 wasu likitoci a birnin St. Louis na Amurka suka bi diddigin mutum 18 da aka ɗinke wa manyan yagewa, suka duba kafaɗun da na'urar sikanin. A mutum 17 daga cikinsu ɗinkin bai kama duka ba, ga ɓaraka nan. Duk da haka yawancinsu sun ce ciwo ya ragu, hannu ya fi da ɗaguwa. Wato jin sauƙi dabam, kamawar jijiya dabam. Wanda ya ce maka ya warke cikin mako uku, abin da ya ji yake faɗa. Abin da ke tsakanin jijiya da ƙashi sai hoto ke nuna shi.

A nan ne ma haɗarin da ba a faɗa yake. Wanda ya kashe kuɗi mai tsoka ya yi imani cewa tasa jijiyar ta riga ta kowa kamawa, shi ne zai cire maratayi a mako na uku, ya tuƙa mota zuwa Zariya, ya ɗago jarkar ruwa daga but. Garin gyaran gira a rasa ido. Ko da garin kwalbar bai yi masa komai ba, gaba-gaɗin da ya sa masa ya isa ya ɓalle ɗinkin.

Ita kanta kwalbar

Na ce ya turo mini hoton takardar jikin kwalbar da kyau. Babu lambar NAFDAC. A ƙasa da ƙananan haruffan Turanci an rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Wannan rubutun shi ne garkuwar mai sayarwa: in wani abu ya same ka, ai ya gaya maka. Maganin da aka yi wa rajista, an duba masana'antarsa, an auna abin da ke ciki, akwai wanda za a kama in an sami matsala. Wannan kuwa babu wanda ya tsaya maka cewa garin da ke ciki shi ne wanda aka rubuta, ko adadinsa ya cika, ko babu ƙwayar cuta da gubarta a ciki.

Sai batun ajiya. Garin ana narka shi ne da ruwan allura, daga nan kuma sai firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, har kwalbar ta ƙare. An yi mini aiki cikin hunturu, ke nan makonnin allurar za su faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da Kaduna ke tafasa, wuta kuma ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Masu ciwon suga da ke kan insulin sun san wannan wahalar, har da masu sa kwalba cikin tulu. Su dole ce ta sa su. Kafin ma kayan su iso hannunka, sun kwana nawa a cikin buhun ɗan aike a tashar mota?

Abin da ya fi tayar wa likitana hankali shi ne shawarar da ake bayarwa cewa a soka allurar kusa da wurin ciwon. Kafaɗar da aka yi wa aiki akwai baƙin abu a cikinta, ƙusoshi da zare, ƙwayar cuta kuwa tana son ta sami irin wannan ta maƙale inda maganin kashe ta ba ya isa sosai. Fatar kafaɗa da ƙirji ma gida ce ga ƙwayar da ke haddasa ƙurajen fuska, wadda ita ce ta yi ƙaurin suna wajen shiga aikin kafaɗa a hankali ba tare da zazzaɓi ba. In ta shiga, zancen ya koma sake buɗewa a wanke, wani lokacin a cire ƙusoshin. Ya ƙara da cewa duk abin da ke zuga sabbin hanyoyin jini, dole a yi taka-tsantsan da shi ga wanda ya taɓa ciwon daji, domin ƙari ma da sabbin hanyoyin jini yake girma.

Garin kolajin

Wannan kaya ne dabam, abinci ne. Kolajin shi ne furotin ɗin da aka saƙa jijiya da fata da shi. Ana dafa fata ko ƙashin dabba ko ɓawon kifi a fitar da shi, a farfasa shi ya zama gari mai narkewa a ruwa. In ka taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana ka tarar da romon ya daskare yana rawa, to ka ga ɗan'uwansa. Shaidar da aka fi ambata a kansa wani ƙaramin bincike ne na 2017: samari takwas masu lafiya aka ba giram 15 na wannan daskararren sinadarin haɗe da bitamin C, awa guda kafin su yi tsallen igiya na minti shida, sai alamar ƙera kolajin a jininsu ta ninka. Samari takwas ne, alama ce a jini, ba kafaɗar da aka ɗinke ba. Amma illarsa kaɗan ce, ba a soka shi, ba ya buƙatar firji. Wanda ke da hali ya ga yana so, babu laifi ya sha kafin gashi bayan ya gaya wa likitansa.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Na farko, a duba daga wace dabba aka yi shi, domin akwai na alade a kasuwa. Na kifi ya fi kwanciyar hankali, ko na saniya mai shaidar halal. Na biyu, kolajin furotin ne mai giɓi, babu wani amino asid mai suna tiriftofan a cikinsa, don haka ba zai maye gurbin ƙwai da wake ba. Masu cewa ganda ta wadatar, su ma su tuna da haka, su kuma san inda aka babbake ta, kada a ci hayaƙin taya da sunan jinya.

Tsohuwar hanya

Sunan gashi yana yaudararmu. Da an ce gashi sai mutum ya hango fitila mai zafi da tawul da man shafawa. Waɗannan ɗan rage zogi ne kawai, ainihin maganin motsi ne da aka auna. Zamana na farko, mai gashin, wata matashiya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta kwantar da ni ta kama hannun da hannayenta biyu. Da ta fara ɗagawa sai na ji tsokar ta ɗaure ina taya ta. Ta tsaya.

"Baba, saki. Ni zan ɗaga, ba kai ba. In ka taya ni, zaren kake ja."

Ban taɓa sanin sakin hannu aiki ne ba sai ranar. A gida ta ba ni na sunkuyo in dafa tebur da hannun hagu, in bar na dama ya yi ta lilo kamar guga a bakin rijiya. Bayan mako shida aka koma tafiyar yatsu a bango, ina sa alama da alli inda na kai, yau a tsawon ƙirji, bayan kwana goma a tsawon goshi. Sai igiyar da ake ratayawa a saman ƙofa, hannu mai lafiya ya ja mai ciwo sama. Sai a mako na 12 ta ba ni roba mai launin rawaya in riƙa ja. Aikin mai gashi tafiya ce tsakanin ramuka biyu: in an yi gaggawa ɗinki ya ɓalle, in an yi nawa kafaɗa ta sandare, masu ciwon suga kuwa sun fi kowa saurin sandarewar kafaɗa. Babu kwalbar da za ta yi maka wannan awon.

Kuma a Kaduna ba ma rasa inda za mu je. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai a asibitin sojoji na 44, ga na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano in abin ya kai ga haka. Maɗori kuwa, duk da girman da nake ba su, kafaɗar da aka ɗinke ba tasu ba ce. Ja ɗaya da murza ɗaya sun isa su warware aikin awa biyu. Haka musabaha. A masallacinmu akwai dattijon da in ya kama hannunka sai ya girgiza har kafaɗa. Wata biyu na yi ina dafa ƙirji daga nesa, ina kuma salla a kujera don kada in dogara da hannun a sujada.

Sai suga. Gwajin HbA1c yana nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin manya ana so ya sauka ƙasa da kashi 7. An ga cewa masu ciwon sugan da bai daidaita ba ɗinkinsu ya fi ɓallewa. Haka masu shan taba, don nikotin yana tsuke hanyoyin jinin da da ma ba su wadata ba, kuma shisha ba ta fita daga wannan hukuncin ba. Abin dariya ne mutum ya sayi allurar buɗe hanyoyin jini da dare, da safe ya kunna sigari.

Abinci ma akwai lissafi. Mai lafiya ana ƙiyasta masa giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai jinyar tiyata kuwa ana ɗaga masa zuwa 1.2 ko 1.5. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 84 zuwa 105. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne. Da na auna abin da nake ci, koko da burodi da safe, shinkafa da rana, tuwo da dare da yanka ɗaya, na ga ban kusa ba. Maman yara ta sauya tsari: ƙosai ko alala da ƙwai biyu da safe, wake a cikin shinkafar, kindirmo marar suga da la'asar, kifi ko awara da dare, ƙuli-ƙuli a aljihu. Bitamin C da jiki ke buƙata kafin ya saƙa kolajin mai ƙarfi yana nan a gwaiba da lemo da tattasai da garin 'ya'yan kuka. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Akwai wani abu da ba a sa shi cikin lissafi, alhali ya fi feftayid kusa da mu: abin da muke saya a kemis ba tare da takarda ba. Sifro, wanda da an ce taifot ake miƙo shi, yana cikin dangin magungunan da FDA ta sa wa babban gargaɗi tun 2008 saboda suna iya raunana jijiya har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura 60 ko yake shan sitiroyid. Haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda kuwa sau da yawa akwai sitiroyid a ciki. Ko su diklofenak, a tambayi likitan da ya yi aikin kafin a ɗauki makonni ana sha, domin akwai likitocin da ke taƙaita su a farkon jinya.

Wanda ba a riga an yi wa aikin ba kuma yana son wani ƙari, ya tambayi likitansa game da PRP: a ɗebi jininka a juya shi a na'ura, a tace ɓangaren da ke ɗauke da ƙwayoyin daskarar da jini, a zuba a wurin ɗinkin yayin aikin. An gwada shi a kan mutane sau da dama. Sakamakon ya sha bamban, amma wasu nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwajen sun ga raguwar ɓallewa. Jininka ne, a ɗakin tiyata, a hannun likita.

Inda kuɗin suka tafi

Da ɗan yayata ya faɗi kuɗin kwalaben mako shida, da sirinji da ruwan narkawa, na lissafa na ga sun isa su biya mini gashi na wata biyu da kuɗin Keke, da gwajin suga, har a yi ragowar kiret ɗin ƙwai. Wanda aka yi wa aiki a ƙasar nan ya riga ya zazzage aljihu kafin ya fito daga asibiti, kuma na ga mutane a layin gashi da suka daina zuwa a mako na takwas don kuɗi sun ƙare, daidai lokacin da aikin ke farawa. Ga irinmu zaɓin ba mai wuya ba ne: gashi a gaba, sai suga da taba, sai tukunya, in an sami rara a sayi kolajin na kifi. Mai kuɗin da zai iya haɗa duka, shi ma kwalbar ba ta san aljihunsa ba, rubutun da ke jikinta ɗaya ne. Wanda ya riga ya fara kuma, kada kunya ta hana shi gaya wa likitansa sunan abin da adadin da wurin da yake sokawa, kuma in ya ga ja ko kumburi ko ruwa a bakin ɗinkin, ko zogin da ya lafa ya dawo, kada ya kwana bai je asibiti ba.

Shi ɗan yayar tawa ƙwallo yake bugawa, burinsa wata ƙungiya ta ɗauke shi. Can daga baya, bayan na fara jan roba, da na nuna masa sunayen kwalaben nan biyu a jerin WADA, ya yi shiru yana kallon wayar, can ya ce, "Kawu, ai mai sayarwar bai faɗi wannan ba." Na ce ya miƙo mini robar rawayar nan da ke rataye a hannun ƙofa, lokacin jan la'asar ya yi. Shi ya riƙa ƙirga mini, sau goma sha biyar, hawa uku.